Halittun Pokémon: Da Yawansu Suna Nan a Tsakar Gidanki, Hajiya

Tambaya: Ni uwa ce, ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Ɗana mai shekara 11 ya kamu da wani gem wai shi Pokémon a tsohuwar wayar yayansa. Aikinsa ke nan kama wasu dodanni yana tarawa, ya haddace sunayensu fiye da yadda ya haddace sau-sau. Na ce masa aljanu ne, ya rantse mini dabbobi ne na gaske. Malam, tunda dabbobi ka karanta, tsakanina da shi wa ke da gaskiya?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. In alƙalanci kike so, yaron ya fi ki kusa da gaskiya, amma bai cinye shari'ar duka ba. Zan zo kan inda ya yi kure.

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma abin da ya haɗa ni da gem ɗin nan shi ne ranar da na kama yara biyu a kujerar baya suna gardama ƙasa-ƙasa a kan wace halitta ce ke rikiɗa ta koma wace. Na karɓe wayar da niyyar mayar wa mai ita in an tashi. Sai da ta kwana uku a hannuna. Saboda haka duk abin da zan faɗa miki, da yatsana na taɓa shi.

Ga abin da yaronki yake yi in kin gan shi ya yi tsit. Ana ba shi zaɓin halitta ɗaya cikin uku: ta ciyawa, ta wuta, ko ta ruwa. Ya fita da ita daji, ya ratsa doguwar ciyawa, wata halittar ta taso masa, ya sa tasa ta gajiyar da ita, sannan ya jefe ta da wani ƙwallo ja da fari ta shige ciki. Shida kawai yake iya yawo da su, sauran a ajiye. Ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na shanye ruwa, haka har kashi 18, kuma dole ya riƙe wa ke rinjayar wa. A wajen karawa ba a mutuwa, suma ake yi. Duk wadda ya kama kuma sai a rubuta masa ita a wani kundi mai suna Pokédex: tsawonta, nauyinta, inda take zama, da halinta. Wannan kundin shi ne zuciyar wasan, kuma da ganinsa na gane ko wane irin mutum ne ya ƙirƙiro shi, don kamarsa ɗaya da littafin da mu masu bin dabbobi muke shiga daji da shi.

Mutumin sunansa Satoshi Tajiri, ɗan Japan, haifaffen 1965. A Machida ya tashi, gefen birnin Tokyo, lokacin akwai sauran gonaki da kududdufai a wurin. Ba shi da aiki sai kama ƙwari, har abokansa suka laƙaba masa likitan ƙwari. Yana ji yana gani aka cike kududdufan, aka shimfiɗa kwalta, ƙwarin suka ɓace. Da ya girma ya ga ana haɗa na'urar wasan hannu ta Game Boy biyu da igiya, sai ya hango ƙwari suna bin igiyar daga hannun wani yaro zuwa na wani. Shekara kusan shida kamfaninsa Game Freak ya yi a kan aikin, gem ɗin ya fito a Fabrairun 1996 da halittu 151. Yau sun haura dubu. Asalin abin ke nan: mutum ne da aka raba da dajinsa, ya sake gina shi a cikin na'ura don yaran birni.

Ki ce wa yaron ya nuna miki Poliwag, wani shuɗi mai zanen murɗaɗɗen layi a ciki. Talibambam ne, ɗan kwaɗo. Zanen nan ba ado ba ne. In damina ta kankama, ki sa ya kamfato talibambam a kofi daga kududdufi ya duba cikinsa ta ƙasa. Fatar cikin siririya ce har ana hango hanjin a nannaɗe kamar gammo. Hanjin ya yi wannan tsawo ne saboda gansakuka yake ci, ita kuwa tana da wuyar narkewa. In ya zama kwaɗo ya koma cin ƙwari, hanjin sai ya gajarce. Tajiri da bakinsa ya ce daga talibambam ɗin da ya kama yana yaro ya ɗauko wannan zane.

Wanda ya fi burge ni kuwa Caterpie ne, wata koriyar tsutsa mai jan ƙaho biyu a ka. In akwai bishiyar lemo a gidanku ko a maƙwabta, to 'yar'uwarta tana nan. Akwai malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗige-ɗigen rawaya da ke saka ƙwai a ganyen lemo. In tsutsar ta ƙyanƙyashe, kamarta ɗaya da kashin tsuntsu, baƙi-baƙi da fari a tsakiya, har da ɗan sheƙi kamar sabo. Wane tsuntsu ne zai ci kashin ɗan'uwansa? Haka take fakewa har ta yi girman da ƙaryar ba za ta ƙara ci ba, sai ta saɓule fata ta koma kore shar kamar ganyen. A lokacin in an taɓa ta da tsinke, sai ta zaro wani abu mai rassa biyu kamar harshen maciji daga bayan kanta, ya buso wari kamar na ruɓaɓɓen lemo. Shi ne ƙahon da aka zana wa Caterpie, kuma kundin gem ɗin ma ya ce wari yake fitarwa don korar maƙiyi. Ranar da na nuna wa ɗalibaina wannan a bishiyar bayan aji, wani ya ja da baya har ya taka ɗan'uwansa.

Daga nan tsutsar sai ta ɗaure kanta a reshe da zare, ta daskare kamar busasshen ganye. A ciki mafi yawan jikinta narkewa yake a sake gina shi, bayan kamar mako biyu ta fito da fukafukai. A gem ɗin, inda halitta ke hawa mataki-mataki in tana cin karawa, Caterpie tana zama Metapod a mataki na 7, ta zama Butterfree a mataki na 10. Tsarin ɗaya ne, gaggawa kawai aka sa masa.

A nan bari in taɓa abin da na san zai iya zuwa kunnenki. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon, kuma cikin dalilan da ta kawo akwai caca da ake yi da katunansa da batun juyin halitta irin na Darwin, don kalmar da gem ɗin ke amfani da ita wajen rikiɗar nan ita ce ta wancan ra'ayi. Hukunci na malamai ne, ki kai wa wanda kika amince da shi. Abin da zan ƙara daga fannina shi ne kalmar an ɗora ta inda ba muhallinta ba. Maganar Darwin a kan zuri'a ce da ke sauyawa cikin dubban shekaru. Abin da yaronki ke gani a waya kuwa halitta ɗaya ce ke sake kama a rayuwarta, wato abin da talibambam da tsutsar lemo suke yi a gaban idonmu kowace damina. Har a jarrabawa na sha jan layi ga yaran da suka cakuɗa biyun.

Akwai wani mai ƙaton kai da muƙamuƙi, Trapinch, wanda in halitta ta faɗa hannunsa ba ta iya gudu. Ki duba gindin katanga inda ruwa ba ya taɓawa, ƙasar ta yi laushi kamar gari. Za ki ga ƙananan ramuka kamar an dangwala mazurari. Mu a unguwarmu kurkudu muke ce wa mai ramin, muna yara mukan busa ƙasar har ya bayyana yana tafiya da baya. Yana binne a ƙasan ramin, baki a buɗe. In tururuwa ta zame, sai ya yi ta watsa mata ƙasa da kai har ta gangaro, ya tsotse ruwan jikinta ya wurgar da ƙwarangwal waje. Abin da yawancinmu ba mu sani ba muna yara shi ne wannan mummunan abu jariri ne. In ya gama zamansa yakan fito da dogayen fukafukai huɗu kamar mazari, ya riƙa zuwa wajen fitila da dare. Shi ya sa a gem ɗin Trapinch mai rarrafe yake zama Vibrava mai tashi a mataki na 35. Yara da yawa suna ɗauka kuskure ne masu zanen suka yi, alhali a nan ne suka fi bin gaskiya.

Buzuzu ma bai tsira ba. A fitowar 2022 an sa shi da sunan Rellor, yana mirgina dunƙulensa, kuma ba ya rikiɗa sai an yi tafiyar taku 1,000 da shi. Na gaskiyar ya fi haka ban mamaki. A 2013 masu bincike daga Suwidin da Afirka ta Kudu suka nuna cewa wani nau'in buzuzu na can, in dare ya yi babu wata, da farin layin taurarin nan da ke ratsa sama yake daidaita hanyarsa don ya miƙe sak. Da suka sa masa 'yar hula ta kare masa sama, sai ya kama dawurwura.

Shi kuwa Pikachu, rawayan nan da ke jikin jakunkunan 'yan makaranta a kasuwar Terminus, sunansa haɗi ne na kalmar Japananci ta ƙyalli da ta kukan ɓera. Amma wadda ta zana shi, Atsuko Nishida, ta ce kurege ta hango, kuma wutar da yake tarawa a kumatu daga yadda kurege ke cusa abinci a kumatu ta samo ta. Mu nan gafiya ce gwanar wannan, shi ya sa ake ce mata tsira da na bakinki. Babu dai ɓeran da ke ba da wuta. Amma kifi akwai, kuma ba sai an je Kudancin Amurka ba, inda wani dogon kifi yake kai bolt 860. Ki tambayi duk masuncin Binuwai ko Tafkin Chadi labarin minjirya. Wani sashe na tsokarta ne ya zama kamar batir ya lulluɓe jikin a ƙarƙashin fata, tana iya sakin wajen bolt 350, ta sumar da ƙananan kifaye ta haɗiye. Larabawan da suka san ta a kogin Nilu ra'ad suka kira ta, wato tsawa, tun kafin kowa ya san lantarki. Ni a ganina da masu zanen sun san gaiwa, wadda ke shiga laka ta rufe kanta da majina ta yi watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo, da tuni sun sa ta.

Wanda nake so yaronki ya sani da kyau shi ne Sandshrew da babbansa Sandslash, masu dunƙulewa kamar ƙwallo in an kawo musu hari. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kunya zai gane shi a jikinsu. Dabba ce mai shayarwa amma jikinta sulke ne, ɓawo kan ɓawo. Ba ta da haƙori ko ɗaya, sai dogon harshe mai danƙo da take zurawa cikin suri ta laso gara da tururuwa. Ɗa ɗaya take haifa a lokaci guda, ta goya shi a gindin wutsiya. In ta ji motsi sai ta cusa kai a ciki ta naɗe, abin da ya jawo mata sunan ke nan. Zaki kan yi ta juya ta ya gaji ya tafi. To dabarar da ta fi ƙarfin zaki ita ce ta kashe ta a hannun mutum, don ba ta gudu ba ta cizo, ɗauka kawai ake a jefa a buhu. Nau'i takwas aka daɗe da sani, huɗu a Afirka huɗu a Asiya, kuma a 2016 ƙasashen duniya suka hana cinikinsu tsakanin ƙasa da ƙasa gaba ɗaya. Duk da haka Najeriya ta zama babbar mashigar ɓawonsu zuwa Asiya, inda ake sa shi a maganin gargajiya. A Oktoban 2023 gwamnati ta ƙona kusan tan 4 na ɓawon da aka kama, a Abuja. Ki ƙiyasta dabba nawa ke nan. Abin takaicin, sinadarin ɓawon nan shi ne dai na farcen hannunki, babu wani magani a cikinsa da babu a farce.

Ungulu ma tana ciki, da sunan Mandibuzz. Ke da kika girme shi kin san lokacin da ba a raba mahauta da ungulu. Yaushe rabonki da ganin ko ɗaya a kan rufin kwano? Guba da masu sayen kanta don tsibbu sun kusa ƙarar da ita, tun 2015 aka sa irin tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Akwai yaran Jos da a waya suka fara ganin ungulu.

Yanzu inda kike da gaskiya. Ba duka ne dabbobi ba. Wasu kayan gida ne aka sa wa ido: maganaɗisu, tarin makullai, ledar shara, har da askirim. Wasu kuma daga tatsuniyoyi da camfe-camfen Japan da Sin aka ɗebo su, kamar yadda mu za mu ɗauko Gizo da Ƙoƙi ko Dodo. Ninetales dila ne mai wutsiya tara na tatsuniyarsu. Magikarp, kifin da ba ya iya komai sai tsalle, yana zama ƙaton Gyarados a mataki na 20 saboda labarin Sinawa na kifin da ya haura magangarar ruwa ya zama dodo. Akwai kuma rukuni guda na fatalwa. Zane ne na mutane masu cin albashi, ba abin da ke fitowa daga waya, amma in yaro mai tsoron dare ne, ko ke ba ki son irin wannan a gidanki, kina da hujjar sa baki. Sannan gem ɗin yana koyar da wasu kurakurai. Kecleon, hawainiyarsu, tana sajewa da duk abin da ta tsaya a kai har ta ɓace. Hawainiyar gaske ta fi sauya launi don fushi, neman mace, ko zafi da sanyi. Babban kuskuren kuma shi ne tunanin cewa son dabba shi ne a kama ta a ajiye. Nan ne nake sa wa ɗalibaina ido, don daga waya zuwa danƙo da keji ba nisa.

Maganar haddar da kika yi ta tuna mini wani bincike. A 2002 Andrew Balmford na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa suka nuna wa yaran firamare a Birtaniya hotuna. 'Yan shekara 8 sun gane kusan kashi 80 cikin 100 na halittun Pokémon, amma dabbobi da tsirran ƙasarsu da ƙyar suka gane rabi. Mutane da yawa sun karanta wannan suka yi salati. Ni abin da na gani daban ne: kan yaro na iya ɗaukar sunaye ɗaruruwa da halayensu ba tare da bulala ba, in dai an jera masa su yadda zai ji yana tara wani abu. Sau-sau ba ta da fuska ba ta da labari, shi ya sa ta sha kaye.

Kuma in tarawa ce, yaronki a gidan albarka aka haife shi. Kilomita kamar 15 daga cikin gari, a Laminga, akwai dajin Amurum, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis take, ƙarƙashin Jami'ar Jos. An ƙirga tsuntsaye wajen nau'i 300 a ɗan wannan daji. A cikinsu akwai wani ɗan ja mai zama a duwatsu, dangin ba'u, wanda sai a 1998 masana suka tabbatar nau'i ne na daban da ba a taɓa rubutawa ba. Yadda aka gano shi ma labari ne. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ake kira da sunan tsaunin Jos, wanda ba ya gina sheƙa, sai macen ta saɗaɗa ta saka ƙwanta a sheƙar wani. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yana da zane a cikin baki irin na 'ya'yan masu gida, don haka ake ciyar da shi ba a gane ba, in namiji ne kuma ya tashi da waƙar uban riƙonsa. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya ji baƙin tsuntsun yana rera waƙar da ba ta kowane tsuntsu da aka sani ba, ya bi sawun waƙar har ya kai ga mai ita. Shekara biyu ke nan bayan fitowar Pokémon, a nan bayan Jos.

Shawarata, kada ki ƙwace wayar, amma ki sa mata lokaci, bayan an dawo Islamiyya an gama aikin gida, kuma kada a haɗa ta da katin banki don wasu sababbin suna da saye-saye a ciki. In wanda ake yawo da shi a titi ne, Pokémon GO na 2016, kada ya fita shi kaɗai ido a waya, ga masu Keke ga masu fizge. Sai ki saya masa littafi mai shafi 60 ki ce nasa kundin ne. Kowace halitta shafi guda: sunanta da Hausa, inda ya gan ta, ranar, abin da take yi, da zanenta ko bai iya ba. Sharaɗi ɗaya, da ido ake kamawa, in an ɗauka a kofi a duba a mayar. Sunan da ya gagara a kai wa kaka, don tsofaffi sun fi mu sanin sunan ƙwaro da tsuntsu, mu boko ta cinye mana rabi. In shafi ya kai 30, ladansa ziyarar gandun namun daji na Jos, ya ga kura da ido bayan ya san ta a matsayin Mightyena.

Shafin farko ba sai an jira damina ba. Ki aike shi gindin katanga da tsinken tsintsiya, ya nemo ramin nan mai kama da mazurari, ya jefa tururuwa ɗaya a baki, ya tsuguna ya jira.